Kukan Firiji a Falon Malama

Tun da idon Baba ya mutu, kunnensa ya hana kowa sakat. Ciwon suga ne ya cinye idon a hankali, har ya kai ba ya bambance taga da bango. 'Yarsa ta biyu, wadda mutanen layin ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ta ɗauko shi ya dawo wurinta, ɗaki biyu da falo a saman bene. Kicin ɗin ƙarami ne, don haka firijin a falo yake, taku uku daga kujerar da Baba ke wuni a kai. A jikin ƙofarsa, kusa da ƙwai, ake jera kwalaben allurar Baba.

Kullum ta dawo da jakar littattafan yara a kafaɗa, kafin ta cire takalmi ya fara ba ta rahoto.

"Yau sau goma sha ɗaya ya yi ƙas."

"Sannu da gida, Baba."

"Yawwa. Sannan ya yi ta ƙugi kamar cikin mai jin yunwa. Uwata, firijin nan mutuwa zai yi, maganina ya lalace."

Sai ta buɗe, ta ɗauko kwalba ɗaya ta sa masa a tafin hannu. Ya ji sanyin, ya ce, "To, yau dai." Gobe kuma a sake.

Ranar wata Laraba ya kira ta a waya tana tsakiyar darasi, wai wani abu ya fashe a cikin firijin. Ta bar yara arba'in da alli a kan tebur, ta tari mota ta zo gida da gudu. Ta tarar da firijin yana aikinsa, ruwan roba ma ya fara ƙanƙara. Da ta koma, shugaban makaranta bai yi faɗa ba, agogo kawai ya duba, hakan ya fi faɗan ciwo. Da yamma ta shiga banɗaki ta zauna a kan bokiti da ta kife, ta daɗe ba ta yi komai ba. Ko kukan ba ta da ƙarfin yi.

Ranar Asabar da hantsi ta kira mai gyara, wani dattijo da ake ce wa Gajere. Ya ajiye jakar kayan aikinsa ba tare da ya buɗe ba.

"Wa ke jin kukan?" ya tambaya.

"Ni," in ji Baba.

Gajere ya jawo kujera kusa da shi, ya ce kowa ya yi shiru. Can firijin ya yi ƙas, ya ɗauki gurnani.

"Ka ji ko!" Baba ya ɗaga yatsa.

"Na ji, Baba. Injin ne ya tashi. In ciki ya yi sanyi yadda ake so, ya sake yin ƙas ya huta. Ko jaki ana sauke masa kaya."

"Ƙugin fa?"

"Iskar gas ce ke zagayawa a bututu, ita ke kawo sanyin. Wanda kuma ka ji kamar abu ya fashe, robar ciki ce ke miƙewa in ta sha sanyi ta saki. Ɗis-ɗis ɗin, ƙanƙara ce ke narkewa tana ɗiga a faranti ta baya."

Baba ya ce, "Akwai ɗaya da bai yi ba tukuna. Kar-kar-kar, kamar haƙoran mai zazzaɓi."

Malama ta runtse ido. Ita ba ta taɓa jin wannan ba. Amma Gajere ya tashi ya dafa firijin, sai firijin ya yi rangaji. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasa: ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba, bayan kuma yana gogar bango. Ya janyo shi kaɗan, ya murɗa ƙafar har ta zauna daram.

"Wannan kam ka yi gaskiya," ya ce. "Ga kuma wanda za ku kira ni a kai. In ya yi ƙas, injin bai tashi ba, bayan minti biyu ya sake, ya sake. Ko ka ji shiru ya yi tsawo alhali akwai wuta. Sauran duk hirarsa ce."

Ta raka shi bakin matakala. Ya rage murya ya ce, "Firijinki lafiya lau. Tsohon ne ba shi da abin saurare sai shi."

"Na sani," ta ce, da zafin da ba ta yi niyya ba. "To in raba kaina biyu ne?"

"Allah ya ba ki haƙuri, Malama. Na dai ga benci a ƙofar telan da ke ƙasanku, dattawa biyu na zaune."

Ranar Litinin ta gwada. Matakala ashirin da biyu, Baba na riƙe da kafaɗarta yana laluben kowace da ƙafa, sai da suka ci minti goma sha biyar. Telan ya karɓe shi da fara'a, ya yi alkawarin mai da shi sama in rana ta take. Ta isa makaranta bayan an buga ƙararrawa, gumi ya jiƙa mata baya.

Wasu ranakun Baba kan yarda ya sauka, wasu ya ce gwiwarsa ta ƙi. Ta daina roƙonsa. Ta koma tashi da wuri, ta yi masa allura, ta ba shi abinci, sannan ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa tana jiran abin da zai ce.