Titin da Ya Ratsa Garejin Lawan

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatun na wasu kawai na iya. Wannan ma sau uku ina yaga takardar. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Tun Indo tana aji biyu a sakandare take da wani littafi mai baƙin bango. Duk lungun da babanta Malam Mu'azu, direban adaidaita sahu, ya ambata a hira, sai ta zana shi a ciki: inda ruwa ke kwanciya a Daurawa, inda ake kafa rumfar biki a tare hanya a Unguwar Gano. Ran Asabar yakan ɗauke ta su zaga ta gani da idonta. In direbobi suka yi musu a kan hanya, cewa yake, "Ku bari in tambayi Indo."

Bana kuwa bai tambaye ta komai ba.

Asabe ce sila, 'yar wansa, wadda ta gama jami'a ta samu aiki wurin wasu masu haɗa taswira. Ita ta shawo kan direbobin Tarauni aka liƙa wa adaidaita ɗari biyu wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana a ƙarƙashin kujera. Duk inda keken ya bi, duk ramin da ya faɗa, na'urar za ta aika. Inda kekuna da yawa suka bi, kwamfuta ta ja layi ta ce titi ne.

"Aikinki na shekara huɗu, Asabe a wata biyu ta gama shi," in ji Baba yana dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma Indo ta tashi ta bar tuwonta a kwano.

Ana gobe za a nuna taswirar, Asabe ta zo da hantsi, kwamfuta a hammata.

"Malama Indo, a taimaka a duba mana. Ke ce uwar lunguna."

"Wace ni, Yaya Asabe? Ba ga injinku ba?"

"Ke dai duba, sarkin mita."

Indo ta duba, abin ya yi kyau har ya ba ta haushi. Can idonta ya faɗa kan wani layi mai kauri a Gyadi-Gyadi. Ta san wurin sarai. Garejin Lawan bakanike ne. Kullum direbobi na shiga ta gaba a duba musu birki, su fice ta ƙofar baya. A shafi na sha tara na littafinta, da hannunta ta rubuta: wurin mutum ne, ba hanya ba.

"Yaya dai?" in ji Asabe.

"Komai daidai yake."

Washegari aka taru a ofishin ƙungiyar direbobi, aka haska taswirar a jikin farin ƙyalle. Shugabannin Asabe na gaba a kan kujeru. Indo ta raɓe kusa da ƙofa, littafinta a cikin hijabi. Tana ji Baba na gaya wa na kusa da shi, "'Yata ce fa wannan," ba kuma ita yake nunawa ba.

Asabe na tsaka da bayani sai Lawan ya miƙe, hannunsa duk baƙin mai.

"Hajiya, dakata. Wancan layin na bayan masallaci, mene ne?"

"Titi ne, Malam. Kekuna sun fi saba'in da ke binsa."

"Titi? A kan ramin da nake shiga in duba ƙasan mota? Wato gobe tirela ta shigo mini har kan tabarmar salla!"

Wuri ya kaure da dariya.

"Kai Lawan, ba ka da godiya!" wani direba ya ce. "Zaɓe nawa ana maka alkawarin titi? Ga shi an yi maka a kwana ɗaya!"

Asabe ta sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin shugabanninta ya zaro biro yana rubutu. Indo ta ji wani sanyi ya ratsa ta, irin na kurɓin farko lokacin buɗe baki.

"Kash!" Baba ya tafa hannu. "Ai da an nuna wa Indo! Garejin nan yana cikin littafinta, ni na kai ta da kaina. Indo ba ta kuskuren hanya."

Wata da watanni take jiran wannan magana. Har ta sa hannu za ta fito da littafin.

Asabe ta ɗago a hankali. "Baffa, ai na nuna mata jiya."

Hayaniya ta hana shi ji. Ya kama kunne, ya matsa gaba. "Me kika ce, 'yar nan?"

Indo ba ta tsaya a maimaita ba. Ta ƙanƙame littafin, ta zare takalmanta daga tarin da ke bakin ƙofa, ta sulale ta bayan kekunan da aka jera, tun kafin wani ya waiwayo.