Ƙofar da Hilda Ba Ta Taɓa Shiga Ba

"Matsa, Mavis, kin tare min bakin mutumin."

Mavis ta ja gefe da kofin shayi a hannu. Hilda Entwistle, maƙwabciyarta ta jikin bango, tana kishingiɗe a gadon da aka sauko mata da shi falo tun da hawa bene ya gagare ta. Ƙurar auduga ce ta cinye mata huhu. Ta taga ana hango tsallaken titi, inda wasu maza biyu masu hular kwano suke tsaye gaban tsohon ofishin masaƙa. Shi kaɗai ya rage, ɗakunan injin da bututun hayaƙi duk an baje su an yi wurin ajiye motoci.

Duk macen da ta yi saƙa a garin nan tana karanta baki daga nesa, don ƙarar inji ba ta barin kunne ya yi aiki. Bayin Allah ba su san haka ba, suka saki baki.

"Mai gemun ya ce ran Litinin katafila za ta zo," in ji Hilda. "Wai kafin masu kula da gine-ginen tarihi su iso. Su zo su tarar da fili."

"Ni ma na gani. To ke ina ruwanki? Tun muna 'yan mata kike tsine wa ginin nan."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun zamanin Sarauniya Victoria aka gina shi da jan bulo, da agogo a goshi, da furen auduga da aka sassaƙa saman ƙofa, duk don masu masaƙa da akawunansu. Ma'aikaci kuwa sai ta ƙofar baya. Ta nan aka kira Hilda aka kore ta shekarar da ta ja yajin aiki.

"Har gobe ina tsine masa," ta ce tana haki. "Amma ni na san abin da nake tsinewa. In suka share shi, wa zai yarda an taɓa yin mu? Jikokina su ɗauka wurin ajiye motoci ne ya ci huhuna?"

Ran Litinin aka tashi da yayyafi. Likita ya hana ta ko leƙa waje, amma Hilda ba a yi mata dole. Mavis ta naɗe ta a bargo, ta tura ta a keken marasa lafiya tana mita.

"In kika mutu a hanya ni za a kama."

"Sai ki ce gudu na yi."

Mavis ta ajiye ta daidai ƙofar gaban ofishin. Mai gemu ya zo ya rusuna.

"Mama, don Allah ki koma gida. Sanyin nan ba naki ba ne."

"Ɗan nan, uwata ta ƙare a ƙofar baya, ni ma haka. Yau da na samu ta gaba ka ce in tashi? Kira direbanka ya taka ni."

Daga nan murya ta ƙi fita. Sai ta ɗaga kai ta dubi tagogin layin ɗaya bayan ɗaya, ta motsa leɓe kawai: ku fito. Ƙofofi suka fara buɗewa. Tsofaffin masu saƙa suka fito da laima da kujeru, har Shamim mai ciwon gwiwa ta zo da sanda da butar shayi. Katafila ta yi ta gurnani, ta gaji, ta juya. Daga ranar matan suka riƙa gadin ƙofar bi da bi.

Ruwan nan ne ya ƙarasa Hilda, Mavis ta sani, kuma ta ji haushin kanta har ta kasa cin abinci. Ran Laraba da la'asar tana riƙe da hannunta, leɓen Hilda ya motsa.

"Wa ke ƙofa?"

"Shamim ce."

"Gobe fa?"

"Ni."

Hilda ta lumshe ido, ba ta sake buɗewa ba.

Har aka binne ta masu tarihi ba su ce uffan ba, katafila kuma tana nan fake a kwanar layi. Washegarin jana'iza Mavis ta ɗauki bargon ta zauna a ƙofar gaba. Mai gemu yana can nesa da waya a kunne, tana kallon bakinsa: ya ce matan nan ba za su tashi ba. Ta waiwaya tsallaken titi, wajen tagar Hilda da aka saki labulenta, ta maimaita maganar da leɓe a hankali, yadda Hilda za ta gane.