Maɓallin "Ya Rasu"

Mutumin ya ƙi zama. Ya tsaya a tsakiyar ofishin da waya a hannu, yana nuna wa duk wanda ya ɗago kai. Direban motar haya ne, ya bar fasinja a bakin titi ya hawo bene. Matarsa ta daɗe da rasuwa, amma kowace safiya sai saƙo ya shigo da sunanta, wai lokacin shan magani ya yi. Ya je asibitin, suka turo shi nan, suka ce waɗanda suka haɗa manhajar ne kaɗai za su iya tsayar da shi.

"Babbar 'yata ce take karantawa," ya ce. "Kullum sai ta tambaye ni, wai asibitin ba su sani ba ne?"

Manaja ya ba shi haƙuri irin nasa mai santsi, ya ce ana kan aikin, ya raka shi har bakin matakala. Ko lambar wayar bai karɓa ba. Da ya dawo sai ya tambayi Dogo, abokin aikinsu, ko an sauya launin shafin farko, don akwai baƙi masu zuwa.

Wadda suke kira Injiniya ta ture kujerarta baya. Ita ta gina rabin manhajar nan, ta san ciwonta. An yi wa suna gurbi, an yi wa shekaru, da lambar waya, da irin magani, amma ba a yi wa mutuwa ba, sai ka ce masu zuwa asibiti ba sa mutuwa. Tuntuni ta rubuta gyaran: maɓalli ɗaya ne, nas ta danna, saƙo ya tsaya. Yana nan ajiye a wani reshe na gefe, ba a haɗa shi da manhajar ba, yana jiran izini, domin a ofishin nan an mai da "kada a taɓa abin da yake aiki" kamar addini. Ɗaki cike da masu digiri, amma launin shafi ya fi hawayen yarinya tayar musu da hankali.

Ta faɗa wa Manaja haka, ba ta rage komai ba. Ya yi dariya ya ce zafin kanta zai dafa ƙwai, a lallaɓa dai a wuce zuwan baƙi. Ta ce lallaɓawar ce ta kawo su nan, faci a kan faci, kuma yau za ta ɗora gyaran ko ya so ko ya ƙi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki makullin mota.

"In ya fashe, ke kika sani," ya ce, ya fita.

Ta haɗe reshen da babban aikin. Ta ƙara gurbin a ma'ajiyar bayanai, ta buɗe fayil ɗin saituna ta gaya wa sashen da ke tura saƙo ya riƙa tsallake duk wanda aka yi wa alama. Baƙin allon ya yi ta zubo rubutu, sannan ya tsaya, babu jan layin kuskure ko ɗaya. Maɓallin ya fito a shafin ma'aikatan jinya, ƙarami, ruwan toka.

Saura gwaji. A nan ma sakacin ya tare ta, don tun farko ba su ware wurin gwaji daban ba, a kan bayanan mutane na gaske ake komai. Idan ta danna wa mai rai, ta yanke masa tunin maganinsa. Ta nemi matar direban, ta ga masu irin sunan sun cika shafi.

Dogo ya leƙo yana taunar biskit. "Ai mai sauƙi ne. Ki nemo wanda kika tabbatar ya mutu ki gwada da shi."

Ya gama faɗa kafin ya tuna. Ya ajiye biskit ɗin, ya koma kujerarsa, ya shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin aljihun tebur.

Mutum na farko da aka taɓa sakawa a manhajar nan mahaifinta ne. Lokacin da suke ginawa ta buƙaci lambar da za ta gwada saƙo da ita, shi kuma yana da hawan jini, yana wasa da magani. Abin ya yi masa daɗi. Yakan nuna wa abokansa wayar, ya ce Autarsa ta ɗauko masa likitan da ba ya gajiya da mita. Bayan rasuwarsa wayar ta koma ɗakin Umma, a kan tagar da ke gefen gado, kullum a caji. Umma ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa cewa a kashe ba. Ita ma ba ta taɓa tambayarta dalili ba. Takan ji ƙarar ta bayan bango da safe, ta ƙara ƙarfin famfo.

Ta buɗe bayanansa. Hoton da ta ɗauke shi yana hararar kyamara yana nan. Ta tuna 'yar direban, da sauran gidajen da ba su da wanda zai hawo bene. Ta danna. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata, da kalmomin da ita ta rubuta da hannunta. Ta tabbatar. Ta duba jerin saƙonnin gobe, sunansa ya fita. Gyaran ya yi aiki sarai.

Dogo ya ce sannu da aiki, a hankali, bai juyo ba.

A cikin bas ta shirya yadda za ta faɗa. Gaskiya za ta faɗa, kai tsaye, yadda take so kowa ya riƙa yi. Ta tarar da Umma zaune a bakin gado tana linke kayan wanki, ta gaishe ta, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon. Umma ta tambaye ta ko ta ci abinci, ta yi mata faɗan ramar da take yi, ta ce aikin nan na kallon gilashi zai tsotse ta.

"Umma, saƙon nan da yake shigowa wayar Baba…"

"Ai na san na'ura ce, Auta, kada ki ɗauka na zare." Ta shimfiɗa wata riga a cinyarta tana gyara wuyan. "Kowa ya daina nemansa. Abokan sun daina zuwa, 'yan'uwan ma sai jefi-jefi. Wannan ce kaɗai ba a gaya mata ba. In ta yi ƙara nakan ce, ya sha, mun gode. Sai in tashi in kama aiki."

Injiniya ta kalli wayar da ke kan taga.

Umma ta miƙo mata wayar ta ce ta duba cajar, kwana biyu sai an murɗa take kamawa. Ta karɓa. Gilashin ya tsage a gefe, bayan kuma ya sha hannu har ya yi sheƙi. Ta juya baya kamar mai neman haske, ta shiga wurin agogo, ta saita ƙararrawa a daidai lokacin, ta laluba har ta samo sautin da saƙo yake shigowa da shi. Wayar ta tambaye ta ko sau ɗaya ne ko kullum.

"Ta kama?" Umma ta tambaya.

Ta zaɓi kullum.

"Ta kama, Umma."