Tabarma a Ƙarƙashin Teburin Zadok

Tun ranar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, shagon kafinta Zadok da ke unguwar Luggere ya rabu biyu: da rana wurin tsaga katako, da yamma makwancin dangin matarsa su tara da suka gudo. Wansa Ephraim, mai tare masa falanki a bayan injin zarto, bai fito daga Mubi ba har yau, wayarsa a kashe. Dole matarsa Edna ta tsaya a gurbinsa, da cikinta wata bakwai.

Ranar Talata wani falankin maɗaci ya suɓuce mata, ya goge ta a ciki, ta faɗi zaune. Zadok ya kashe injin.

"Maman Virtue, kin gama tsayawa nan. Na rantse."

"To wa zai tare maka? Bencinan coci talatin fa ake jira, waɗanda suka gudo can a ƙasa suke kwana."

Teburi zai tare. Ya ciro hinjis daga wani tsohon ƙyaure, ya ɗaura faffaɗan katako a bayan injin, ya yi masa ƙafafu biyu masu lanƙwashewa, don a ninke shi da yamma a shimfiɗa tabarmi. Sau uku yana awo. Tilas teburin ya gaza saman injin da kaurin farce. In ya ɗara ko kaɗan, falanki zai tokare, zarto ya harbo shi ƙirjin mai turawa.

Ɗanburam, tela maƙwabcinsa, ya leƙo. "Oga kafinta, ka yi wa madam ritaya ke nan? Ina fanshonta?"

Zadok bai yi dariya ba.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Kowa ya san ba ta wuce awa biyu. Baƙi suka yi waje da kayansu a gurguje, Zadok ya ɗaga teburin, ya buɗe ƙafafun, ya danna makunni a bango. Edna na bakin ƙofa, inda ya ce ta tsaya.

Falanki ya shiga sumul. Ya wuce zarto, ya kai bakin teburi, sai ƙam! Ya tsaya.

Kukan injin ya sauya. Katakon ya fara tsalle a hannunsa, hayaƙi na tashi. In ya saki hannu ɗaya don ya kai ga makunni, shi ke nan. Me ya faru? Ai ya auna!

Edna ce ta gani. Tabarmar gwaggonta, a ninke biyu, an manta da ita ƙarƙashin ƙafafun teburin.

"Kar ki zo!" ya yi ihu. "Edna!"

Ta riga ta zagaya. Ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya tallafe da ciki, zarto na kuka saman kanta. Ta fizgi tabarmar. Tabarmar ta ƙi fitowa. Ta sake fizga.

Teburin ya sauka ɗis. Falanki ya zarce ya kwanta a kai, a tsage biyu.

Zadok ya kashe injin, ya zo ya ɗaga ta. Ta kama tafinsa ta ɗora a cikinta. Shiru. Shiru. Can ya ji ɗan shuri.

"Ka ji? Yana zaginka," in ji ta. Ta naɗe tabarmar ta saka a hammata. "Daga yau ni ke kwashe shimfiɗa kafin ka taɓa makunnin nan. Ɗauko falanki na biyu, kafin su ɗauke wuta."

Ta koma bakin ƙofa ta zauna.