Murfin Jirgin Injiniya

Ranar da Auta ya ɓata jirgin, matar Injiniya ta fita ne sayen tsintsiya. Wata uku ke nan da rasuwar mijinta, kuma sai a makon nan ta iya buɗe ɗakinsa na aiki.

Shekara talatin da ɗaya Injiniya ya yi yana gyaran jiragen sama, bai taɓa tashi a cikin ko ɗaya ba. Da ya ajiye aiki sai ya koma haɗa ƙanana na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali. Ya cika ɗaki da su, wasu a kan kanta, wasu rataye da zare. Ita kuwa ta tsani ɗakin nan. Kullum ƙofa a rufe, wari yana fitowa ta ƙarƙashi, abinci yana hucewa a bakin ƙofa, dattijo da furfura yana ciki yana wasan yara.

A kan tebur ta tarar da na ƙarshe, mai kujera biyu. Komai ya gama, saura murfin nan mai haske kamar gilashi da ake kifawa a kan matuƙi. Da ta sa tabaraunsa ta leƙa, sai ta ga mutum biyu a zaune, kowane bai fi gaɓar ɗan yatsa ba. Na gaba da furfura. Ta baya da ɗankwali kore mai ɗigon fari, irin wanda ta ɗaura ranar da ya ce wata rana zai ɗauke ta a jirgi, ta ce ya fara ɗaukarta a mota tukuna. Bai taɓa nuna mata ba. Ta ajiye murfin a gefe, don ba ta san da me ake manna shi ba.

Da ta dawo da tsintsiyar, ta sami Auta a ɗakin yana washe baki. Ƙanin Injiniya ne, fentin gidaje yake yi, ya zo shafa wa ƙofar gida fenti ne ƙafarsa ta kai shi inda ba a aike shi ba.

"Matar Yaya, zo ki gani. Na ƙarasa wa Yaya aikinsa."

Ta duba. Murfin ya zauna daram, amma ya yi fari fat daga ciki, kamar idon da farar yana ta rufe. Babu mai furfura, babu mai ɗankwali.

"Me ka sa masa?"

"Gam ɗin sufa-gulu mana. Ko guduma ba za ta cire shi ba. Ɗazu fa garau yake, ina jin hucewa zai yi ya washe."

"Wa ya aike ka?"

"Haba, matar Yaya, taimako ne."

"Ƙofa na ce ka shafa. Ƙofar ma ga ta can ka bar ta rabi kore rabi tsatsa. Yana raye ka taɓa shigowa ɗakin nan? Kai ne fa kake ce masa Direban Kwali a gaban mutane. Yau da ba ya nan ka zama gwani?"

"Ke ma ai kin sha faɗa masa..."

"Ni matarsa ce. Ɗauki bokitinka."

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce zai sayo wani sabo. Ta ce ya sayo har da hannun wansa a ciki. Ya fita.

Ta sa jirgin a kwalin takalmi, ta shimfiɗa masa tsumma, ta nufi shagon da Injiniya yake sayen kayansa, can bayan masu ɗinkin katifa. Mai shagon tsoho ne mai rawar hannu. Ya yi mata gaisuwa, ya buɗe kwalin, ya ƙura wa murfin ido.

"Hajiya, wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Wani mai hannu kamar shebur. Ka gaya min ko zai gyaru."

"Wannan gam ɗin tururi yake fitarwa in yana bushewa. A fili iska take kwashewa. To an rufe shi a ciki, sai ya kwanta a jikin murfin. Murfi ba a sa masa komai sai farin gam, irin na kafintoci, ɗigo kaɗan a bakin tsinken sakace. In ya bushe ba a ganinsa, in an yi kuskure a ɓamɓare a sake."

"Ban tambaye ka abin da ya kamata a yi jiya ba."

Tsohon ya sake duba murfin. Ya ce hanya biyu ce. Ko ta bar shi haka, jirgi lafiyayye da makahon murfi. Ko a bi gefen da reza a hankali a ɗaga shi, a goge cikin da man goge baki. Amma robar ba ta da ƙwari, tana iya tsagewa, kuma irin wannan jirgin an daina kawo shi, babu inda za a sami wani murfin.

"Ka yi min."

Ya ɗaga hannayensa suna kakkarwa. "Da waɗannan? Mijinki ma shi yake zura min zare a allura."

Ta ce to ya ba ta abin da ake bukata. Ya haɗa mata farin gam, da 'yar kwalbar fenti kore, da fari, da buroshi mai gashi kamar uku.

"In tururin ya taɓa mutanen ciki, sai an sake musu fenti. Wannan na ruwa ne, ba ya wari. Ki tsinka shi da ruwa ya yi kamar madara. Shafa ɗaya siririya, ki bari ya bushe, ki ƙara. Kada ki lafta kamar mai shafe bango, zai cike fuskar."

"Na ga aikin masu shafe bango," in ji ta.

A gida ta jawo teburin kusa da taga, ta sa tabaraun Injiniya. Ta fara bin gefen murfin da reza, tana yi tana faɗa da mijin nata kamar yana zaune a kan kujerarsa.

"Shekara nawa ina ƙwanƙwasa ƙofar nan? Da ka ce zo ki gani, bakinka zai yi ciwo? Ka zauna ka ɗiga min fari a ɗankwali ɗaya bayan ɗaya, amma ka kasa buɗe baki. Ka tafi ka bar ni da ƙaninka da gam ɗinsa."

Gefen hagu ya saki. Na dama ya saki rabi. Ta ƙara matsa rezar kaɗan, sai ta ji ƙas. Murfin ya rabu biyu a hannunta, tsagar ta bi ta tsakiya.

Ta ajiye rezar. Ta daɗe tana kallon ɓallayen biyu a tafinta, tana jin kamar ta tattara duk jiragen ɗakin ta watsa waje. Sannan ta leƙa ciki. Suna nan. Mai furfura bai ji komai ba. Mai ɗankwali ce farin ya hau, daga kai har kafaɗa, kamar an watsa mata gari.

Ta ɗiga koren a murfin kwalba, ta sa ruwa har ya yi kamar madara. Shafar farko ba ta rufe komai ba, ta ja tsaki, hannunta ya kai ga kwalbar zai ƙaro mai kauri, ta janye shi. Ta jira. Ta ƙara. A ta uku ɗankwalin ya dawo. Ɗigon farin da tsinken sakace ta yi su, sun fi nasa girma, biyu ma sun haɗe.

Washegari Auta ya dawo ƙarasa ƙofa. Ya leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa.

"Matar Yaya, murfin fa? In kin ba ni ɓallayen zan iya..."

"Taɓa ka gani."

"To haka za a bar su a buɗe? Ƙura za ta shiga."

"Ina da baki, zan hure. Sun gaji da zama a rufe."

Ta ɗora jirgin a kan kanta, ta jefa ɓallayen a aljihun tebur, ta fita ta bar ƙofar ɗakin a buɗe.