Ɗigon Kitsen Falalu

Falalu mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, gemunsa har ya fara furfura, amma da zarar ciniki ya lafa sai ya goge hannu a gaban riga, ya zaro waya, ya hau yaƙin jirage a tsakanin taurari. Abokin karawarsa ɗaya ne tak, taubashinsa Ɗan Asabe, dillalin shanu daga Bakura. Duk ranar kasuwa sai sun gwabza a ƙarƙashin rumfa, kuma wanda aka kakkaɓo jirginsa dole ya durƙusa a gaban jama'a ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Samaniya." Gwiwar Falalu ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Kowa a layin nama ya gaji da jin wannan labari.

Gwanintar tasa kuwa ba wata abar a zo a gani ba ce. Akwai wani jan ɗigo a tsakiyar gilashin wayar, ka ɗora shi kan jirgin abokin gaba, ka danna, shi ke nan.

Kwatsam sai masu wasan suka sabunta shi. Ranar kasuwa Falalu ya buɗe ya tarar ɗigon ya yi ɓatan dabo. Sai wani koren zobe da ke gudu a gaban jirgin abokin gaba, wai nan jirgin zai kai, nan za a harba.

"In halbi wurin da babu kowa?" in ji Falalu. "Ni ban taɓa yanka abin da ka gudu ba. A ɗaure shi, a kwantar, sannan in aza wuƙa."

Ɗan Asabe ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tobashi, mu masu jehwa ma sa igiya mun san wanga. Inda za shi aka jehwawa, ba inda yake ba. Share ƙasa tun yanzu, kak ka ɓata wandonka."

Tsoro ya kama Falalu sosai, amma taurin kai ya hana shi tambaya. Ya gutsuro kitse daga faranti, ya mulmula shi a yajin mai tsire na kusa da shi har ya yi ja, ya manna a tsakiyar gilashin.

"Ga ɗigona ya dawo. Bisimilla."

Mahauta suka bar tebura suka kewaye su. Falalu ya yi ta ɓarin wuta, harsasai suna wucewa ta bayan jirgin Ɗan Asabe. Ga rana ta take, kitsen ya fara narkewa yana gangarowa. Maimakon ya goge, sai Falalu ya riƙa karkata wayar yana binsa, har ya koma riƙe da ita sama da kansa, baki buɗe.

Sai ga wani ƙaton ƙuda ya sauka a kan ɗigon.

Hannun da ya saba korar ƙuda daga nama tun yarinta ba ya shawara da mai shi. Falalu ya kai mari. Ƙudan ya tsere, wayar ta yi sama, ta faɗa tsulum cikin daron kayan ciki. Daga can ƙarƙashin tumbi aka ji ƙarar fashewar jirgin Falalu.

Rumfa ta ɗauki shewa. Falalu ya durƙusa, kunya kamar ya nutse.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Samaniya."

"Mi kac ce? Ban jiya ba," in ji Ɗan Asabe, yana kara hannu a kunne.

Kafin Falalu ya maimaita, ƙudan ya dawo ya sauka a kan hancinsa. Ya zuba masa ido, zuciyarsa na tafasa. A hankali ya ɗaga hannu, bai kai wa hancin mari ba, sai ya cafki iska ɗan gaba kaɗan, inda ƙudan zai nufa.

Ya buɗe tafin hannunsa. Ga ƙudan a ciki.

Ya daɗe yana kallonsa, gwiwoyi a ƙasa.

"Ashe dai," in ji Falalu. "Wani shi tsamo min wayata."