Kukan Aksil a Magama

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina har da ni a masu kabbara. Ban taɓa zaton zan zauna ina kallon hannuna na dama ina tunanin yadda ake riƙe sufana da hagu ba.

Sunana Hamidu, bakanike ne ni a Magama, gab da shingen kwastan. Alhaji Abdulrazak dillalin motoci ne ya jawo mani wata jar mota daga Maraɗi, mai kujera biyu, ba rufi, gajeruwa har sai ka durƙusa za ka shiga. Ta wani Bature ce da ya mutu tun ina goye, shekara talatin tana kulle a sito.

Injin ya ba ni wuya. Ringi da fistin ɗinta babu a Katsina, babu a Kano. Sai da na auna na Fijo kala uku kafin na samu wanda ya zauna daidai. Kafireto kuwa nata na wanke na mayar, don sabon yayi ba ya jituwa da tsohon inji. Ta tashi lafiya lau. Bayan kwana biyu sai ga Alhaji ya dawo da ita da hantsi, mutum biyar a bayansa.

"Mi ka yi ma aksil ɗina yake wanga kuka?" in ji shi, yana nuna ƙarfen da ke juya tayoyin baya.

"Alhaji, inji ka ba ni. Ko leƙa ƙarƙashinta ban yi ba."

"Ƙarya kake! Da muka jawo ta ko tari ba ta yi ba. Ka hidda na asali ka saida, ka sa mani ruɓaɓɓe. La'asar ta yi ba ka maido shi ba, sai gaban alƙali."

Wani a bayansa ya ce ai yanzu hannu ake yankewa. Daga baya liman ya gaya mani ba haka hukuncin yake ba, amma a ranar wa ya sani? Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron.

Na kira abokina Zaki, direba mutumin garin Kusa, ya ja motar, ni kuma na kwanta rub da ciki a kan but ɗin baya, kunnena manne da ƙarfe. Kukan aksil yana da ƙa'ida. In ya ƙaru da taka totur, haƙoran giya ne. In sai a kwana yake fitowa, boris ne. Wannan bai bi ko ɗaya ba. Gurnani ne a hankali, kamar niƙa a kan dutse, yana zuwa yana komawa. Na ce wa Zaki ya tsaya ya kashe inji. Ya tsaya. Taya ba ta juyawa, rana tsaka, kukan yana nan.

"Hamidu," Zaki ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wanga ba aikin bakanike ba ne. Mu maida mashi abinshi."

Muka koma gareji, na ɗaga ta a jak, na kankare laka. Sai ga wata tsohuwar waya ta bi ta kan notunan murfin aksil ɗin gaba ɗaya, an danne bakinta da darma, tsatsa ta cinye ta. Tun daga kamfani ba wanda ya taɓa buɗe wurin. Na sa Alhaji ya durƙusa da babbar rigarsa ya gani da idonsa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce in yi haƙuri, shaiɗan ne. Mutanensa suka soma zamewa.

Nan ya kamata in tsaya, an riga an wanke ni. Amma an kira ni ɓarawo a gaban maƙwabta, kuma shekara ashirin ba kukan motar da ya gagare ni. Zaki ya riƙe mani riga, na fizge. Na datse wayar, na tsiyaye man, na kwance murfin. Haƙoran giya fes, ko ƙwarzane babu. Na yi bisimilla na cusa hannu ciki ina lalube.

Sai aka kama hannuna. Ba matsewar ƙarfe ba ce, wannan na san ta. Yatsu ne masu sanyi, suka riƙe ni a hankali irin riƙon gaisuwa, suka ɗan girgiza, suka saki. Kukan ya ɗauke ɗif.

Alhaji ya yi murna, ya ce ai dama ya san ni gwani ne. Ya ja motarsa ba sauran kuka, aka ce wani ya saye ta a Kano.

Washegari sufana ta faɗi daga hannuna. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. A asibiti suka ce ba su ga komai ba, malamai sun yi tofi har sun gaji. Hannun yana nan cif, yatsu biyar, sai dai ko cokali ba ya riƙewa. Zaki ne ya ce in kara wuyan hannun a kunnena. Na kara. Kukan yana nan ciki, a hankali, yana zuwa yana komawa.